Hula Mai Wutsiya a Kwalbar Uwani

Ni dai karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma ba ni na tsayar da shi ba. Hedimasta ne ya hango cewa idan aka bar ni zan fi shi sani. Duk da haka a zuriyarmu ni ne ɗan boko, shi ya sa tun ina ƙarami na ɗora wa kaina wahalar gyara wa tsofaffi kurakuransu. Wadda ta fi kowa shan gyarana ita ce Dada, kakata ta wajen uba.

A wata 'yar ruga muka tashi can wajen Obi, inda iyayenmu suka gaji da yawo, suka zauna suka haɗa kiwo da noman doya. Da an idar da magariba sai a hura wuta a gefen garke don hayaƙi ya kori sauro da ƙudan shanu. Mu yara mu cusa doya cikin toka mu zauna muna haɗiyar yawu. Dada ce ke zuwa ƙarshe, tana jan ƙafa, da ɗan goranta a hammata. Cikin goran akwai dunƙulen zaren da ta kaɗa da hannunta, bakinsa ya fito ta wani ɗan huji, ya je ya haɗu da hular jaririn da take saƙawa. Kwarashin ma ba na kanti ba ne, wayar laima ce aka lanƙwasa wa baki. Wata mata 'yar ƙabilar Tibi da take kai wa nono ce ta koya mata.

Duk cikin da ya fito a rugarmu ko a ƙauyukan manoman da ke kewaye, Dada ta san da shi, kuma ta fara masa hula. Sai dai ba ta taɓa gamawa. Tana kaiwa layin ƙarshe sai ta tsaya, ta bar zaren yana reto har cikin gora. Ranar da aka ji kukan jariri, ranar take ƙarasawa ta ƙulle ta yanke.

Na ce mata, "Dada, wannan hular taki mai wutsiya ce. Biri za a haifa?"

Ta ce, "Biri ai an riga an haife shi, ga shi nan yana cinye mini doya. Matsa can, miji marar cefane."

Uwani, 'yar ƙanen babana, ita ce mai riƙe wa Dada gora. Ba ta dariya idan na yi irin wannan magana, sai dai ta harare ni.

Dada ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take, "To, ga wata can ta taso daga nesa, ƙafarta duk laka." Mu kuma mu ce, "Ta wanke ta shigo." Tana da su da yawa, masu ban dariya da masu sa yaro ya ƙi fita fitsari, amma guda ɗaya ce ta biyo ni har tsufa.

Ta ce jariran da ba a haifa ba suna zaune ne a ƙetaren wani babban kogi, ba su san hanyar gida ba. Kowanne yana riƙe da bakin zare, ɗaya bakin kuma yana hannun mai saƙa masa hula. Tana saƙa, zaren na gajarcewa, shi kuma yana matsowa. To, an yi wata mata mai tsabta da son kammala aiki, wadda ba ta iya barin ko ƙwarya a buɗe. Mutanen garinsu suka tashi ƙaura. Ta ɗaure tukwane, ta naɗe tabarmi, saura hular jikan da take jira, wutsiyar sai maƙalewa take a kaya. Ta ce, me ya rage, layi ɗaya? Ta ƙarasa, ta ƙulle, ta sa haƙori ta yanke. Ashe yaron yana tsakiyar kogi, ruwa iya wuya. Ya ji zare ya saki a hannunsa. Gaba ba hanya, baya ba hanya. Shi ne ya zama ɗan tsuntsun nan na bakin rafi mai kuka da yamma.

A nan Dada takan siranta murya ta ce, "Wa ya yanke? Wa ya yanke?"

Uwani ta tambaya, "Hular fa, Dada?"

"Hula ta yi kyau, 'yar nan. Kowa ya yaba. Tana nan a ƙasan kaya, ba kai." Sai ta tura itace cikin wuta ta ce, "Ta koma inda ta fito, da lakarta."

Ni kuwa na gyara zama irin na masu ilimi. Na ce, "Dada, malam ya nuna mana taswira. Babu wannan kogin. Binuwai ce kawai sai Mada."

"Malamin naka ya haihu?"

"A'a."

"To ka bar shi da taswirarsa."

Bayan kowace tatsuniya Dada takan yi dariya har ta yi tari, amma ban da wannan. Na san ta haifi 'ya'ya da yawa, kuma babana da baban Uwani ne kaɗai suka rayu. Na san wannan kamar yadda na san sunayen shanunmu. Ban taɓa haɗa shi da wutsiyar hula ba. Ɗan boko ke nan.

Mai hararar nan ita na aura. Muka koma Lafiya, muka kama haya a Bukan Sidi, na yi aikin masinja har lokacin da garin ya zama babban birnin jiha, ofisoshi suka tsiro kamar ciyawar damina, 'yan acaɓa suka hana kaza tsallaka titi. Uwani ta gaji Dada kaf, sai dai ita kwalba ta samu maimakon gora. Ban taɓa ganin mai son kwalba irinta ba. Duk kwalba mai faɗin baki da murfin ƙarfe, in ta shigo gidanmu ta shigo ke nan. Wannan man shanu, wannan zuma, wannan yajin daddawa. Idan tumatir ya yi araha ta niƙa ta dafa, ta ɗura, ta zuba mai a kai, ta jera kwalaben a babbar tukunya ta sake tafasa su, mu yi ta ci har ya yi tsada ya sake araha. Guda ɗaya kuma ta huda murfinta da ƙusa, ita ce gidan zare.

Babu jaririn da aka haifa a layinmu bai sa hularta ko safarta ba, wanda za a raɗa wa suna da wanda za a kai coci. Maƙwabciyarmu Maman Doshima, mai sayar da doya da lemo, ita ce abokiyar saƙarta. Ni kuma aikina tsokana.

"Hajiyar Kwalabe," nakan ce, ko da yake ko Kano ba ta taɓa zuwa ba, "duniya ta ci gaba. Yanzu asibiti akwai na'urar da ke leƙa ciki ta gaida yaro, ke kina nan kina jan sa daga kogi."

"Ka bar ni da wutsiyata, ɗan boko."

Autarmu Binta tana aure a Obi, mijinta Sale direba ne. Sau biyu tana kai ciki har wata tara, sau biyu ba a ji kuka ba. Da na ukun ya fito, a shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun talaka, Uwani ta ɗauko zare ruwan ɗorawa ta fara hula. Ta kai layin ƙarshe ta tsaya, ta ɗora kwalbar a taga. Sai zazzaɓi ya kama ta. Bai ma ba mu lokacin jin tsoro ba. Allah ya jiƙanta.

Bayan arba'in Sale ya zo ya durƙusa, ya ce ya yi mini ɗaki a gidansa, ba zai yiwu in zauna ni kaɗai ba. Na yi masa dogon bayani a kan abin kunyar da ke cikin tsoho ya tare a gidan suruki. Ya saurara da ladabi, sannan ya tambayi ranar da zai kawo mota.

Ranar kwashe kaya Binta na zaune a kan turmi, ciki ya yi nauyi, tana nuni da hannu. Maman Doshima tana naɗe kwalabe ɗaya bayan ɗaya da tsofaffin zannuwan Uwani, tana jerawa a kwali, tana cusa tsumma a tsakani don kada su yi karo a hanya. Sale yana lodi a akori-kura. Ni ina kula da aiki, wato ina tsaye. Sai ya zo kan kwalbar taga.

Ya ce, "Baba, wannan ba za ta shiga kwali haka ba, zaren zai sarƙe. Bari in yanke, a sa hular a jaka." Ya zaro reza daga aljihu.

"Sale! Ajiye rezar nan!"

Tun da ya auri 'yata ban taɓa kiran sunansa gatsal ba, balle in ɗaga masa murya. Ya tsaya da reza a sama kamar wanda aka kama da sata. Na juya na ga Binta ta dafe cikinta da hannu biyu, idonta a kan zaren. Ita ma ta ji tatsuniyar, a bakin uwarta. Na nemi abin wasa in rufe maganar, na ce, "Reza ta yi tsada yanzu, kada a ɓata ta."

Maman Doshima ta karɓi kwalbar a hankali. Ta jawo zaren kaɗan ta nuna mini, da irin Hausarta ta kasuwa.

"Baban Binta, ka duba. Ka ga shi ya yi lanƙwasa lanƙwasa kamar gashin tunkiya? Sabon zare ba ya yin haka. Wannan na uku ne. Na farko Mama ya warware, na biyu ya warware. Ni ina wurin. Ya ce in ba ka ƙulle ba, ka ja kawai, shi zai koma zare. Ba ya so Binta ya zo gida ya ga hula babu kai."

Ina gidan nan, ina cin tuwon matar nan, ina yi mata lacca a kan na'ura, ban san ta zauna sau biyu tana warware hular jikanta ba. Nan take na ga Dada a bakin wuta. Sau nawa ita ta warware nata?

Kwalbar ba ta shiga kwali ba. A cinyata ta yi tafiya daga Lafiya har Obi, hular a tafin hannuna, zaren a tsakaninsu. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ƙara riƙewa. A sabon ɗakina na ɗora ta a taga, na zama mai gadinta. Akuyar Sale ta taɓa leƙowa, muka yi maganar da har yau ba ta manta ba.

Wata ranar Laraba da hantsi aka wuce da Binta asibiti. Na zauna a benci a waje, ni da Sale, kowa na kallon ƙasa. Na san irin shirun nan, sau biyu na ji shi. Can sai wata ƙaramar murya ta tsage, mai faɗa, irin ta zuriyar Uwani. Sale ya kifa kai a gwiwa. Ni ban yi kuka ba, hayaƙin wani acaɓa ne ya shiga mini ido.

Aka aika wa Maman Doshima, ta bar doyarta ta hau mota ta zo. Ta zauna a ƙofar ɗakina ta ƙarasa layin ƙarshe. Hannunta ya fi na Uwani tsauri, har yau in ka duba bakin hular za ka ga inda ɗaya ta tsaya ɗaya ta ɗauka. Ta ƙulle, ta miƙo mini rezar Sale.

"Baba, kai ne za ka yanke."

Na yanke. Hular ta yi wa yarinyar yawa, ta rufe mata ido. Na ce ai da kaina Uwani ta auna, kan ilimi. Sunan kakarta aka sa mata. Ranar suna Binta ta buɗe kwalaben tumatir ɗin da suka rage, jama'a suka ci miyar Uwani suna santi, ba su san wadda ta dafa ba.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar Dada ta jarirai ce. Yanzu na gane ta masu jira ce. Matan nan sun san ba kowane mai tahowa ke isowa ba, kuma duk da haka suna ɗaukar kwarashi su fara. Abin da suka iya yi wa kansu shi ne su bar ƙofar warwarewa, don in abin ya faru su sha shi su kaɗai, a ɓoye, su sake naɗe zaren su jira.

Ragowar zaren yana nan cikin kwalba, bakinsa a waje ta hujin da Uwani ta huda. Binta ta sha cewa, "Baba, a tura shi ciki mana, yana kwasar datti." Nakan ce a bari. Na san babu kogin a taswira, ni na fara faɗa, kuma Allah ya yafe mini in na yi shirme. Amma da yamma, idan tsuntsun rafin bayan gidan Sale ya fara tambayarsa, nakan kama bakin zaren in riƙe. Ban sani ba ko ni nake jan Uwani, ko ita take ja na.