Masu Ɗibar Wuta a Gidan Gwaggo Laure

Makon jiya 'yata Aishatu ta aiko mini da wani sabon abin girki. Baƙin faranti ne mai sulɓi kamar madubi, a jona shi da lantarki. Ba harshen wuta, ba ja, ba hayaƙi. Tukunyar ƙarfe kaɗai yake yarda da ita, in ka ɗora masa ta dalma sai ya yi ta ƙara ya ƙi aiki. Na dafa ruwan shayi a kai, kafin in ɗauko kofi ya tafasa. Na zauna ina kallonsa, sai Gwaggo Laure ta faɗo mini a rai, na ce da tana da rai da tambayarta ɗaya ce: ta ina ake ɗibar wutarsa?

Gwaggo Laure yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara uku a gidanta na Argungu. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu tun ina firamare. Sana'arta gumin shinkafa: ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta sussuka, a kai kasuwa. Gajeriya ce, mai faɗa kamar me, amma faɗan nata ba ya kwana. Abin da duk unguwa ta san ta da shi kuwa shi ne wutarta ba ta mutuwa. In ta gama aiki sai ta tura gungume cikin murhu ta binne da toka, da safe ta tone, garwashi ja wur.

Saboda haka da an idar da sallar asuba za ka ji sallama. Matan maƙwabta ne ke shigowa ta kafar darni, kowace da ɗan kaskonta, sun zo ɗibar wuta. Ba mai ɗiba ta juya. Sai an zauna a tabarma, an gaisa, an faɗi wadda ta haihu da wadda ɗanta ke zazzaɓi da yadda albasa ta yi a fadama bana. Gwaggo ta yi wa wannan faɗa, ta ba waccan sassaƙe, ta leƙa bakin jariri ta ce haƙori ne. Ni na tashi ina ganin haka, ban taɓa tambayar kaina me ya sa suke zuwa ba, alhali ashana na nan a kowane tebur.

Na yi karatu, na zama malamar koyar da girki a wata makarantar 'yan mata a Birnin Kebbi, lokacin duk muna cikin Jihar Sakkwato. Muna zaune a Badariya da maigidana Malami. A ɗakin girkina akwai risho, akwai na lantarki, akwai kukar gas mai kai biyu. Gaskiya na ɗan ji kaina a lokacin. In na je gida na ga Gwaggo tana hura wuta da baki, ido na hawaye, sai in ji kamar ni aka ci wa mutunci.

A damina ta 1985 tari ya kama ta, ya ƙi sauka. Na kai ta asibiti, likita ya ɗora abin awo a ƙirjinta ya daɗe yana saurare, sannan ya ja ni gefe. Ya ce hayaƙin shekara arba'in ne a ciki, in ba ta rabu da murhu ba, kada mu sa ran za ta ga damina biyu nan gaba. Ga shi ita ce uwata, ita ce ubana.

Na koma gida na zauna na auna, irin aunawar da nake koya wa ɗalibaina. Risho dai na fid da shi, warin kananzir ma tayar mata da tari yake. Na lantarki ba hayaƙi, ba ɗawainiya, shi na fara kai mata. Ashe na manta tukunyar Gwaggo ta ƙasa ce mai zagayayyen gindi, ba ta zama a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe. Ga shi ana tsakiyar tuƙa tuwo sai a ɗauke wuta, tuwo ya tsaya ba shi ga ɗanye ba shi ga dafaffe. Da na dawo bayan mako guda na tarar ta ɗora kwandon goronta a kai.

“Ɗiyata,” in ji ta, “abin ga naki ya yi kyau da ajiya.”

Sai na ɗauki kukar gas ɗina ta kaina na kai mata, da tukwane masu faɗin gindi. Malami ya ɗauki nauyin cika tukunyar gas ɗin duk sanda ya je Sakkwato. Na koya mata murɗawa da kashewa, sau biyu kawai ta riƙe, don Gwaggo ba ta da duhun kai. Ta yaba saurinsa, ta yaba yadda gindin tukunya ke fita tas. Amma Asabar ɗin da ta biyo baya ina shiga zaure na ji ƙaurin itace, na ji tarinta.

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na tsuguna na watsa wa murhun ruwa, na ciccibi duwatsun nan uku ɗaya bayan ɗaya na sa a bayan motar Malami. Gwaggo mai faɗa tana tsaye tana kallona kawai. A hanya na sa aka tsaya na jefar da su a gefen titi, ina ganin na yi jihadi.

Mako uku ban samu zuwa ba saboda jarrabawa. Ran da na je, da la'asar, gidan tsit. Tabarmar tsakar gida a naɗe, an jingine ta da bango. Gwaggo na ɗaki a kwance, tarin ya yi sauƙi sosai, amma ta rame har zanenta na zamewa. Na buɗe tukunya na ga ɗan tuwon da bai fi na yaro ba, shi ma ba a taɓa shi ba.

“Gwaggo, ina mutane? Kowa bai leƙo ba?”

“Su zo su ɗebi mi?” ta ce, ba ta ko juyo ba. “Sun zo kwana biyu da kasakensu. Na gwada masu wutag ga taki shuɗiya, ba ta ɗebuwa.”

Na fita na shiga gidan Balaraba, maƙwabciyarta ta jikin darni, matar wani masunci. Na shiga da niyyar yi mata gori, sai ita ta riga ni.

“Ke Riskuwa, da karatunki dut ba ki gane ba? Ashana muka rasa? Mace na hita gidan mijinta da sassahe hannu rabbana, a ce ina za ta? Amma in ta ɗauki kasko, kowa ya san wuta za ta ɗebowa. Kin kashe muna hanya, kin bar tsohuwa da bango.”

Na ce mata abin da likita ya faɗa, cewa in murhun ya dawo zai kashe ta. Ashe Gwaggo ba ta gaya wa kowa ba. Ni kuwa kuka ya ƙwace mini, na rasa ta inda zan ɓullo: in mayar da murhu ƙirjinta ya tafi, in bar ta haka kaɗaici ya cinye ta. Na yanke shawarar da safe zan tafi da ita Badariya ko tana so ko ba ta so, na kuma san can ɗin ma zaman kurkuku zai zame mata.

Da safe bayan sallah ina haɗa mata kaya, sai na ji sallama ta kafar darni. Balaraba ce, riƙe da babban kasko da tsumma, cike da garwashin gawayi wanda ya riga ya ci ya gama hayaƙinsa a gidanta. Ta dire shi can ƙarshen tsakar gida, inda iska ke fita da zafin waje. Ta warware tabarmar nan da kanta ta shimfiɗa.

“Inna Laure, hito! Shekara talatin muna ɗibar taki, yau mun kawo maki.”

A bayanta mata biyar ne, kowace da ɗan kaskonta fanko. Ba wadda ta kusanci garwashin, suka zauna suna jira. Gwaggo ta fito tana dafa bango, ta dubi kaskon, ta dube su. Ta ɗauki tsohon cokalin ƙarfenta na ɗibar wuta, ta zuba wa kowace, kamar yadda ta saba.

“Balaraba,” ta ce, “wa ak koya maki hura gawayi haka? Rabinshi bai kama ba.”

Matan suka fashe da dariya. Ni na shige ɗaki na mayar da kayanta cikin adaka, ina share hawaye.

Daga ranar suka raba kwana a tsakaninsu, kullum da mai kawo kasko, sauran su zo su ɗiba a hannun Gwaggo. Gumin shinkafar ma Balaraba ta karɓa, ita ke turarawa a gidanta, Gwaggo ta tsaya kan shanya da faɗa. Girki kuwa da gas ta ci gaba da yinsa, sai dai ba ta taɓa kunna shi da ashana ba. Kara take kunnawa a kaskon, ta kare shi da tafin hannu har ɗakin girki. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya.

Na gode wa likitan, na gode wa Malami da bai taɓa bari tukunyar gas ta ƙare ba. Amma godiyar da har gobe ban gama ba ta Balaraba ce, matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gyara ɓarnar malamar girki. Duk Sallah nakan je Argungu in gaishe ta, ta tsufa tukuf yanzu. Kaskon Gwaggo yana wurinta, ban kuma taɓa neman ta ba ni shi ba.