Tudun da Kawu Ya Gani

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya ƙare ƙuruciyarsa a wani ɗan ofis mai taga ɗaya a cibiyar nazarin taurari. Kujerarsa ta lotsa, fankarsa tana kuka, shi kuwa ko a jikinsa. Wani gungun taurari mai dushi-dushi yake bibiya, wanda abokan aikinsa suka raina.

Ya taɓa yi mini bayani. A tsakiyar gungun akwai baƙin rami mai haɗiye duk abin da ya matso. Ba a ganinsa, sai dai a rarraba hasken wurin kamar bakan gizo, a zana shi a layi. In ramin yana ci, iskar da ke kewaya shi da gudu takan sa wani tudu mai faɗi ya taso a layin, ta ɓangaren jan launi. Wannan tudun Kawu yake nema.

Matsalarsa ɗaya, ba ya yarda da idonsa. Mutumin da zai kulle ƙofa ya dawo daga bakin titi ya girgiza kwaɗon! Matarsa takan ce auren ma don an matsa masa ne, da har yau yana bincike.

Wata shekara tudun ya fito, ɗan ƙarami, da ƙyar ya ɗaga kai sama da hasken taurarin. Shugabarsu ta tsaya a kansa.

"Malam, rubuta ka fitar. Wannan aikinka ne."

"Ranki ya daɗe, a bari in sake aunawa. Kada in ja mana kunya."

Samun layi a babban madubin hangen nesa ba wasa ba ne. Kafin a sake ba shi, ramin ya daina ci, tudun ya baje. Ya auna, ya sake aunawa, har furfura ta cika masa kai, tudun bai dawo ba. Awo ɗaya kuma ba ya gamsar da kowa bayan mai shi ya yi ta jan ƙafa. Haka ya yi ritaya ba takarda ko ɗaya a kan ramin. Abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi.

Kwanan baya na same shi a tsakar gida yana gyara rediyo. Na ce, "Kawu, tsakaninka da Allah, tudun nan kuskuren na'ura ne?"

Ya daɗe yana juya sukudireba a hannu.

"A'a, 'yata. Shi ne. Tun ranar farko na san shi ne."