Yadda Na Kai Duna Dutsen Kwatarkwashi

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da Kawuna da kare. Ku da kuka dame ni da tambayar ina baƙin karen nan nawa ya shiga, to ga amsarku. Sunansa Duna. Baturen daji da na yi wa aiki shekara biyar ne ya bar mini shi da zai koma ƙasarsu, bana da Arewa ta karɓi mulkin kanta. Ni dai na shaƙu da shi, domin duk gandun dajin da muka zaga, tare da shi muka zaga. Unguwarmu ce ba ta shaƙu ba. Ranar da ya sa baki a randar maƙwabcinmu, sai da aka wanke ta sau bakwai, ni kuma na sha faɗa a gaban mai unguwa har gumi ya keto mini. Aka ba ni zuwa ƙarshen wata: ko in fitar da shi daga gari, ko a kai shi bayan gari a harbe.

Kawu ne ya ce ya san sarkin bakan Kwatarkwashi, wato shugaban mafarautan garin, kuma can gindin dutse ana zama da karnuka ba a ɗauke su abin kunya ba. Kada ku zaci ƙaunar Duna ce ta sa ya rako ni. Kawu mutum ne da in kare ya gifta ta gabansa sai ya tattare rigarsa har gwiwa. So yake ya tabbatar da idonsa ban dawo da shi ba.

A tasha direbobi biyu suka ƙi mu. Na uku, wani mutumin Sabon Gari da ya yi lodin ƙiraga da albasa zuwa Gusau, ya dube mu sama da ƙasa ya ce, "Malam, in dai za ka biya mishi kuɗin mutum, ku hau can ƙuryar baya. Amma in yac ciji wani, nan za ni sauke ku." Muka hau bisa buhunan albasa. Ga warin ƙirgi, ga warin albasa, ga kare, Kawu ya ja rawaninsa ya rufe hanci har muka kai Dange.

Hanyar nan jar ƙasa ce, kuma ruwan bana ya cinye ta. Daga Tureta zuwa Talatar Mafara gargada muka sha har haƙoranmu na haɗuwa. Amma idonmu ya more: an girbe gero an jingine, dawa ta sunkuyar da kai, shanun Fulani sun yi ɓul-ɓul. A Mafara muka sha fura da nono ta kwabo biyu mai kauri, irin wadda ludayi ke tsayawa a cikinta, na kuma sayi hoce na gutsura wa Duna. Mai furar ta yi ta kallonsa, ta tambaye ni ko tunkiyar Turawa ce, don ba ta taɓa ganin kare mai gashi da kunnuwa har wuya ba. Bayan la'asar muka shiga Gusau, muka kwana, washegari da hantsi wata motar ta sauke mu Kwatarkwashi.

Jama'a, ni ɗan Sakkwato ne, abin da muke kira tudu a wajenmu jaki na hawansa da kaya bai sani ba. Wannan kuwa dutse ne guda, baƙi, ya tokare sama, gari ya lafe a gindinsa, manyan tsuntsaye na shawagi can bisa kansa. Sai da hulata ta faɗi garin kallo.

Sarkin baka ɗan gajeren tsoho ne, rigarsa duk layu, da karnuka huɗu ramammu masu yankakken kunne kwance a ƙofar gidansa. Ya karɓe mu hannu biyu. Nan fa na tafka kuskurena. Tsoron kada ya ƙi karɓar Duna ya sa na buɗe baki na shiga zuba: ai karen nan yana kayar da barewa, ai ya taɓa korar kura. Kawu ya yi ta gyaran murya, ban kula shi ba. Tsohon ya duƙa ya buɗe bakin Duna, ya taɓa tafin ƙafarsa, ya ce, "To, madalla. Gobe mu hau dutse mu gani."

Da sassafe muka kama hanya, kuma nan na ga tsarin da ya burge ni. Garin nan kare na da hanyarsa. Ba a bi da shi ta bakin rijiya inda mata ke ɗiban ruwa, ba a bi ta gaban masallaci ko ta kasuwa. Akwai wata siririyar turba da ta zaga ta bayan gari, ta ratsa gonakin dawa, ta bi ƙarƙashin tsamiyoyi da kukoki, sannan ta fara hawa tsakanin duwatsu. Duk wanda muka gamu da shi sai ya yi mana sannu, babu mai ɗaukar hoge ya jefi kare, babu mai tofar da yawu. A tsakiyar hawan akwai wani kwarmin dutse da ruwan sama ke taruwa, an bar wa karnuka da dabbobi shi, mutane kuma na da nasu can sama. Na kwance wa Duna igiya, ya sha ya ƙoshi, har ya shiga ya kwanta ciki. Rabona da ganinsa ba igiya a wuya tun tafiyar Baturen nan, kuma wallahi sai da na ji ƙwalla ta taho mini.

Hawan ba wasa ba ne. Wani wurin da hannu da ƙafa muka bi. Kawu ya cire takalmansa ya rataya, yana haki yana cewa shi da ya sani da ya tsaya gida. Amma da muka kai wani fili a sama muka juya, sai ga ƙasar Zamfara shimfiɗe kore shar, ga hayaƙin jirgin ƙasa can wajen Gusau. Shi kansa Kawu sai da ya yi tasbihi.

Muna nan sai ga garken birai sun ɓullo bisa wani dutse, wani ƙato a gabansu yana yage baki. Karnukan sarkin baka suka yi kansu da haushi. Na waiga ina neman Duna, sai na gan shi ya shige tsakanin ƙafafun Kawu, ya cusa kai cikin babbar rigarsa. Kawu ya daskare, ya kasa gaba ya kasa baya.

Sarkin baka ya ce, "Malam, wanga na mai korar kura?"

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Baba, ƙarya na yi. Bai taɓa cizon ko ɓera ba. Tsoro nike ji kada a harbe shi."

Ya girgiza kai. "Na ji tausayinka, ɗana. Amma ni ba ni ciyar da karen da ba shi aiki. Tuwon bai kai ba."

Muka kama gangara ta ɗaya gefen. Ni lissafin inda zan nufa da shi kawai nake yi, kuma ban ga wurin ba. Mun kusa sauka, inda ciyawa ta yi tsawo, sai zabin daji suka tashi fir. Kafin in ƙifta ido tsohon ya wurga kerensa, sandar nan mai lanƙwasa da suke jifa da ita, ya karya wa wata zabuwa fiffike, ta faɗa can ƙasa cikin sarƙaƙiya. Ya daka wa karnukansa tsawa, ya riƙe biyu, yana cewa in suka riga wuƙa isa gare ta sun kashe ta, ta zama mushe. Ana wannan kokawa Duna ya wuce mu kamar an jefa shi.

Can sai ga shi ya fito, zabuwa a baki, tana wutsil-wutsil da ƙafa. Ya zo ya ajiye ta a gabana, ya zauna yana kaɗa wutsiya. Haka Baturen ya koya masa a fadama wajen harbin agwagin ruwa, ni kuwa na ɓoye wannan don ina ganin abin dariya ne a ce kare ya kama nama bai cije shi ba. Kawu ya zaro wuƙarsa, ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla ya yanka. Sarkin baka ya ɗaga zabuwar yana hura gashinta yana neman sawun haƙori. Bai samu ko ɗaya ba.

Ya daɗe yana kallon Duna, sannan ya ce, "Tun ina saurayi nike tsere da karnukana zuwa ga nama, rabin abin da munka kama su ka ɓata shi. Kai ko kana da wanga, kaz zo kana ba ni labarin kura?"

Da azahar aka kawo mana tuwon dawa da romon zabuwar. Kawu ya tambaya sau biyu ko an wanke ta da kyau, aka ce an wanke, daga nan bai ɗago kai ba sai da ya ga ƙasan akushi. Sarkin baka ya ce ya karɓi Duna. Na roƙe shi abu guda, kada a yanke wa Duna kunne. Ya yi dariya ya ce ya bar masa kayansa. Ya kwance igiyar da na mayar wa Duna da muka shigo gari, ya miƙo mini, ya ce a wajensu ba a karɓar dabba da igiyar tsohon gida. Ya kuma ce in dawo bayan an gama girbi, lokacin farauta, in ga yadda ya zama.

Rabuwar ba ta yi mini daɗi ba, ba zan ɓoye muku ba. Duna ya biyo mu har bakin gonaki, tsohon ya kira shi da fito, ya tsaya yana duban nan yana duban can. Na ce masa ya koma, ya koma.

Kwana biyu muka yi a hanyar dawowa, taya ta fashe mana kusa da Maru, muka shigo Sakkwato ranar Asabar da yamma. Na je na shaida wa mai unguwa an gama magana. Gidan ya yi mini shiru, har yanzu ma bai daina ba, amma raina kwance yake. Abin da na koyo shi ne na kusa jawo wa Duna harsashi da bakina, don na yabe shi da abin da ba shi da shi, na ɓoye abin da yake da shi. Na bar gida ina neman wanda zai yi haƙuri da shi saboda Allah, na baro shi wajen mutumin da ya ce ko da saniya aka zo ba zai bayar da shi ba.