Hyeon Gye-sun, Mai Rigar Roba

Haihuwa da tasowa

An haifi Hyeon Gye-sun a shekarar 1943 a ƙauyen Dolgae da ke tsibirin Jeju, a ƙasar Koriya ta Kudu. Mahaifinta Hyeon Dal-su manomin sha'ir ne, mahaifiyarta Yang Mal-nyeo kuwa mai nutso ce, tana ciro katantanwa daga ƙasan teku. Aji biyu kawai ta yi a makaranta, daga nan ta bi mahaifiyarta ruwa da rigar auduga, kamar sauran matan ƙauyen.

Aure

A 1964 ta auri Bu Tae-gil, masunci. Sau biyu tana samun ciki, sau biyu yana zubewa a tsakiyar hunturu, domin ba a daɗewa a ruwan nan sai jiki ya sandare, kuma in ba ta shiga ba, ba a ɗora tukunya a gidan.

Zuwan rigar

A 1971 wanta da ke aiki a Osaka ta ƙasar Japan ya aiko mata da baƙar rigar roba mai rufe jiki tun daga kai har idon sawu. Ranar da ta fara sa ta, mata suka yi ta dariya.

"Kai, Gye-sun, kifi kika koma ko tayar mota?" in ji Goggo Ko, shugabar masu nutso.

Suka shiga, suka fito suna karkarwa a bakin wuta har sau uku, ita tana cikin ruwa. Da ta fito sai ihu take: "Goggo, taɓa ni! Gumi nake yi! Gumi a cikin teku!"

Washegari aka hana rigar, wai za ta kwashe rabon kowa. A lokacin tana da ciki na uku. Ba ta yi musu ba. Ta kai rigar wurin surukar Goggo Ko, wadda ita ma ciki gare ta, ta ce su riƙa karɓa-karɓa, kuma duk mai rigar kada ta ɗebi fiye da na sauran. Goggo Ko ta zura hannu a cikin rigar, ta ji ɗumi, ta daɗe ba ta cire ba, sannan ta ce, "To 'yar nema, suna yin irin ta tsofaffi?" Kafin shekara biyu babu mai shiga ruwa da auduga a Dolgae.

Ƙarshen rayuwa

Rigar ta sa ana daɗewa a ƙasan ruwa, ta bar wa Gye-sun ciwon kai da nauyin kunne, amma ba ta yarda a zagi rigar a gabanta ba. Ta yi nutso har 2016.

Rasuwa

Ta rasu a watan Nuwamba na 2019, aka binne ta a gonar mijinta, aka kewaye kabarin da baƙin dutse. Ta bar 'ya'ya uku: Mi-ran, wadda aka haifa a bazarar 1972, sai Jong-pil, sai Mi-ok. Su ukun ne suka tsaya a kanta, kowannensu da furfurarsa.