Gugar Baba Saje

Duk wanda ya san kakana Baba Saje ya san dutsen gugarsa na gawayi. Tun da ya bar soja ya dawo Zuru, bai yarda wani abu ya kwana a yamutse a gidansa ba. Safa, labule, har tsumman goge babur! Kun tuna ranar da ya goge wandon zuwa gona? Kaka ta ce, "Saje, dawa ce za ta duba ka?" Ya ce, "Ciyawa ma in ta ga kari, ta san mai gona ya iso."

Ni dai gugar nan ta ja mini kunyar da har yau ban warke ba.

Shekarata ta farko a makarantar koyon zanen tufafi, Malam ya ce kowa ya yi rigar da ke ba da labari, kuma ba da yadi ba. Wanda bai kawo ba ya faɗi. Na zo gida hutu na gaya wa Baba Saje. Ya ce, "Riga mai magana? Amarya, mu a bariki riga shiru, mai ita ma shiru." Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika.

Na roƙe shi buhunan taki da ya tara a ƙarƙashin gado. Da ƙyar ya ba ni, yana tambaya ko zan dawo da su. Na ɗinka rigar manomi, wuyan da ɓawon masara, ɗamarar da igiyar rama. Wallahi ta yi kyau. Na rataye ta.

Saura kwana kaɗan in koma, sai na ji ƙaurin roba. Na fito da gudu. Ga Baba Saje riƙe da dutsen guga, ga rami a bayan rigata, shatin dutsen sak.

"Baba! Roba ce fa!"

"Na gani," in ji shi. "Ba ta da horo ne."

Na ce ya ƙara mini buhu. Ya ce sauran na hatsi ne. Kai, mutumin nan!

Bai tsaya nan ba. Ranar Lahadi na shiga coci, sai ga shi a layin gaba cikin rigata, singiletinsa na leƙowa ta ramin, wata akuya da ta biyo ɓawon masara tana jira a bakin ƙofa. Aka tashi, ya tsaya yana nuna ni. "Amaryata ce ta ɗinka! Makaranta take!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Haka na kai ta makaranta. Malam ya zaga rigar, ya tsaya a ramin. "Wannan zafin rana ne a bayan manomi?"

Na sunkuyar da kai. "Malam, kakana ne ya yi guga."

Aji ya fashe da dariya. Malam na share hawaye ya ce na ci, in gaida tsohon. Tun ranar sunana ya koma Jikar Mai Guga. Shi kuwa gogan har ya bar duniya yana cewa rabin makin nasa ne.

Ranar da ya rasu, Kaka ta miƙo mini dutsen da farar rigarsa. Ta ce, "Kin san ba zai yarda ya tafi a yamutse ba." Na hura gawayi, ina guga hawayena na ɗiga a kan rigar, ban ma nemi ruwan yayyafi ba. Na fitar masa da kari yadda yake so.

Ubangiji Ya ba Baba Saje hutu. In an ba shi farar riga a can, don Allah a bar shi ya goge abarsa da kansa.