In Gyaɗa Ba Ta Yi Ba Fa?

Na koyi ba wa kwamfuta umarni tun ban taɓa ganin ta ba. A sakandaren da na yi a Ƙaraye, wani ɗan bautar ƙasa ne ya koya mana, da alli a kan allo. Madannai ma a kwali ya zana, muna dannawa kamar zautattu. Amma wallahi abin ya shiga raina.

Darasin da ya fi nanatawa shi ne na sharaɗi. Yana rubutawa da Turanci yana fassarawa: idan abu kaza ya faru, yi kaza, in ba haka ba, yi kaza. Ya ce kwamfuta ba ta da hankalin kanta. In ka gaya mata abin yi idan sharaɗi ya cika, ba ka gaya mata na in bai cika ba, ba za ta tambaye ka ba, shiru za ta yi ta wuce layi na gaba. Duk wanda ya manta rabin nan na biyu, sai ya sha jan kunne. Na sha har na haddace.

Da zai gama hidimarsa, ya gaya mini akwai inda ake koyarwa a Kano da kwamfuta ta gaske, ya ce kada in bari kaina ya tafi a banza. Na kai maganar gida, ƙauyenmu wajen Kwanyawa. Baba yana zaune a tsakar gida yana ɓarar irin gyaɗa, Inna na tankaɗe a gefe. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "In gyaɗa ta yi bana, za ka je, in Allah ya yarda."

Murna ta kama ni. Sai kuma kunnen nan da aka ja ya motsa. Na ce, "To Baba, in ba ta yi ba fa?"

Inna ta saki rariya. "Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Iri na hannu kake faɗin haka?"

A gidanmu ba a ambaton rashin amfani kafin shuka. Ko wasa ba a yi da shi. Na san haka sarai, amma ni ba mugun fata na yi wa gona ba, so nake in ji ko akwai wata hanya: a sayar da tunkiya, ko in zauna wurin kawuna a Rogo in jira baɗi. Baba bai ɗaga murya ba. Ya dube ni, ya ce, "Abin da ake koya muku ke nan?" Ya ci gaba da ɓara.

Ban taɓa yi wa gona aiki kamar na shekarar ba. Noman farko, maimai, duk ina gaba, tafin hannuna ya yi kanta. Gyaɗa ta yi fure gwanin sha'awa, sai ruwa ya ɗauke. Da muka cire, ɓawo ne ba ƙwaya, harawa kawai muka tsira da ita. Har gonakin Rogo haka aka yi, amma a gidanmu bakina ne ya jawo. Inna ta faɗa a gabana, maƙwabta suka ɗauka suna tsokanata da mai bakin fari.

Wannan bai ƙona mini rai ba kamar abin da ya biyo baya. Da shekara ta zagayo, gyaɗa ta yi har rumbu ya kasa ɗauka. Na yi ta kewaya Baba, ina jiran ya tuna. Bai ce na hana ka ba, bai ce ka yi haƙuri ba. Har yau ina jin haushin shirun nan, da ya zage ni ma da ya fi mini.

Ranar da na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, maganar Kano," sai ya miƙo mini fartanya, ya ce rana na yi.