Abin da Inna ta sa aka goge

Ƙanena, autanmu, yana da shagon gem, wasan talabijin, a Makarfi, ɗan ɗaki a bayan kasuwa mai talabijin biyu da benci da wata na'ura guda da ya fi ji da ita. Ni noma nake yi a Gubuchi, ban taɓa iya wasan ba. Amma duk ranar da na kawo masara ko barkono kasuwa, nakan biya in zauna a bencinsa in huta.

Kullum kukansa ɗaya ne, na'urar ta cika. Yakan nuna mini wani dogon layi a talabijin da ya kusa kaiwa ƙarshe, ya ce, "Yaya, ka ga rumbun nan? Ko dami ɗaya ba zai ƙara ɗauka ba." Ya ce wasannin bana sun fi na bara girma, kafin ya sa ɗaya sai ya cire biyu, kuma na baɗi za su fi haka. Akwai wani ma'aji da ake sayarwa a Zariya, hadi suke ce masa, ana jona shi a bayan na'urar ya ƙara mata wuri. Da kaka, in ya sayar da wakensa, zai sayo.

Bai kai kaka ba. Zazzaɓi ne, a tsakiyar damina.

Bayan sadakar bakwai na je rufe shagon tare da abokinsa, wanda suke kula da wurin tare. Muna cikin naɗe wayoyi sai ya ce, "Yaya, akwai abin da ya kamata ka ji." Ya tayar da janareto, ya kunna na'urar. Ya ce tana iya ɗaukar wasan da ake yi, har da maganar mutane idan abin magana yana jone, kuma marigayi duk ranar da ya ci wani sai ya ajiye. Ya danna ɗaya. 'Yan ƙwallo suka fara gudu a talabijin, sai muryar ƙanena ta cika ɗakin.

"Tashi ka ba masu ƙafa wuri. Wannan golan naka a ina ka samo shi, a layin masu rake?"

Wani ya ce, "Wallahi sa'a ce kawai."

"Sa'a har sau huɗu? To je ka gida ka turo yayanka."

Sai dariyarsa, wadda takan ƙare kamar tari.

Na zauna a ƙasa. Hotunansa muna da su, amma babu wanda ya ajiye muryarsa a gidanmu, domin babu wanda ya yi tunanin za a neme ta. Abokin ya gangara da jerin, ba ya ƙarewa. Ashe ba wasanni ne kaɗai suka cika na'urar ba. Yakan cire wasa ya bar waɗannan.

Na miƙa wayata na ce a zuba mini. Ya ce memorin wayar ba zai ɗauki ko kaɗan daga ciki ba, sai dai hadin nan na Zariya. Tunda kayan mamaci ba a taɓa su sai an raba gado, na ɗaure na'urar a bayan babur na kai ɗakin Inna, mahaifiyarmu, inda aka tara sauran kayansa. Na gaya mata abin da ke ciki, ina tsammanin zai sanyaya mata rai.

Ta ce, "Da kiɗa?"

Na ce, "Na wasan ne, Inna."

"Da zage-zage?"

"Irin na samari. Tsokana ce."



Da na samu sarari daga noman shinkafa na tafi Zariya na sayo hadin. Na kira abokin, ya zo Gubuchi, muka ari janareton maƙwabci da talabijin ɗinsa muka haɗa komai a zaure. Tun da ya iso ba ya kallon idona. Da na'urar ta buɗe, layin nan da na saba gani a cike na gan shi fayau. Na ce ko wuri ya ɓata ne, ya duba da kyau.

Ya ce, "Yaya, Inna ce ta aika a kira ni shekaranjiya, ba ka nan."

Na daɗe ina kallon talabijin ɗin.  Sannan na tashi na shiga cikin gida. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsinke zogale. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika kallona ba, amma ranar ta ɗago.

Ta ce, "Ni na sa."

Na durƙusa. Na ce, "Inna, muryarsa ce fa."

"Na san muryarsa. Ni na fara jin ta." Ta ajiye reshen da ke hannunta. "Kai, duk wanda ya kunna ya ji kiɗan nan da baƙar maganar nan, a kan wa za a rubuta zunubin? Yaro yana kwance a kabari, ba ya iya tashi ya kashe. Abokansa ma na roƙe su su cire abin da ya sa a wayoyi. Ina da rai zan bar masa kaya a kai?"

Haka ake yi a wajenmu, na sani. Na ga an yi wa wasu, na kuma ce madalla. Ban taɓa kawo na'urar gem a cikin lissafin ba.

Na ce, "Kin saurara kafin a goge?"

Ta sake ɗaukar reshen zogalen.

"Na ce abokin nasa ya kunna mini ɗaya. Autana ya yi dariyar nan tasa. Sai na ce wa yaron ya isa, goge yanzu, kafin in kasa."

Na koma zaure na tambayi abokin ko akwai hanyar dawo da su. Ya ce shi dai bai san ta ba, gaba ɗaya aka share, kamar sabuwa. Na ce ya kashe janareton.

Ban sake tayar mata da maganar ba. Ba ni da ilimin da zan ce ta yi kuskure, kuma na ga abin da ta haɗiye kafin ta yi. Abin da ya rage mini shi ne ɗan abin da na ji a shago ranar nan. Kalmomin ina riƙe da su. Muryar ce na fara kokwanto, ko ta fi yadda nake tunawa kauri.